Tsarabar Goggo Altine Daga Gidan Kifi

Ranar da Zinnira ta fara ganin Datti, tsaye yake a bakin dam ɗin da ke gefen Kabo, ruwa ya jiƙa masa wando har gwiwa, ya ɗaga wani gidan sauro sama yana faɗa da masunta.

Ɗalibanta ta kawo daga makarantar 'yan mata da take koyarwa a Gwarzo, don su gani da idonsu abin da take zana musu a allo. An ce mata akwai jami'in kula da kamun kifi da zai zagaya da su. Ba a dai gaya mata cewa jami'in mafaɗaci ba ne.

Abin da ya tayar masa da hankali kuwa ya isa ya tayar wa kowa. Gidan sauron da ake raba wa mata masu ciki ne aka ɗinke aka mayar da shi komar kamun kifi, ana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba. Kowa a bakin ruwan ya san ana yi, kowa ya san baɗi kifi zai ragu. Amma da ka buɗe baki sai a ce ka cika zafi, ai haka aka saba.

Da ya juyo ya ga 'yan mata talatin da malamarsu sun zuba masa ido, sai ya sauke gidan sauron, ya gyara hula, ya yi musu bayani mai kyau har kusan awa guda. Yana gamawa malamar ta tambaye shi, in an hana masunta wannan komar, me za su ci kafin kifin ya girma?

Ya dubi ruwan, ya juyo ya ce:

"Yau ba ni da amsa, Malama. In kin ba ni lambarki zan nemo."

Ɗalibai suka rufe baki da hijabi suna dariya. Ita kuwa ta ba shi, tana gaya wa kanta cewa don amsar ta bayar.

Bayan kwana uku saƙo ya shigo, dogo kamar takardar jarrabawa, kan tafkunan kiwo da watannin da ya kamata a bar ruwa ya huta. A ƙarshe ya rubuta: "Malamata, in na ci jarrabawar a ba ni maki. In na faɗi a ba ni izinin zuwa gida a yi mini gyara."

Ta amsa: "Ka ci rabi, Sarkin Ruwa. Ragowar rabin sai ka zo garinmu Madadi."

Haka aka fara. Duk Asabar bayan la'asar babur ɗinsa na ƙofar gidan Alhaji Mijinyawa, mahaifinta. Mutanen gidan asalinsu makiyaya ne, sun zauna sun kama noma tun zamanin kakanta, amma har yau akwai garke a bayan gida, kuma har yau akwai kunyar da ba a wasa da ita. Datti shi ɗan masunta ne gaba da baya. Ya yi karatu, ya yi bautar ƙasa a wani gari na bakin teku can Kudu, ya dawo da baki cike da labarin jatan lande da ƙaguwa. Zinnira a littafi kawai ta san su. Kullum sai ta tsokane shi cewa ƙwarin ruwa ya je ya ci yana kiransu abinci.

Da magana ta kai ga Alhaji, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce bai taɓa haɗa zuri'a da mutanen ruwa ba, bai san halinsu ba. Ga kuma Abdulrahman ɗan ƙaninsa, mai kantin maganin dabbobi a Gwarzo, ɗan gida wanda aka san ciki da wajensa, shi ma ya nuna yana so. Ya ce a ba shi zuwa kaka ya duba.

A cikin wannan jiran ne Datti ya ji labarin wani sabon gidan abinci da aka buɗe a bayan garin Kano, kan titin Gwarzo, inda sababbin unguwanni ke cinye gonaki. Gaɓar Teku aka sa masa suna. A hotunan da ya gani a waya akwai jatan lande manya jajaye da ƙaguwa a kan faranti. Ya ga dama ta samu da zai nuna wa Zinnira, ya kuma nuna wa gidansu, cewa harkar kifi ba ƙarni da taɓo ce kaɗai ba.

Alhaji ya yarda a je, da sharaɗin Goggo Altine ƙanwarsa ta raka su, a kuma dawo kafin a rufe gida. Kowa ya gane cewa Goggo idon Alhaji ce.

Datti ya aro motar abokinsa. Suka tashi da la'asar, suka isa rana ta yi sanyi.

Tun daga ƙofa jikinsa ya fara sanyi. An zana teku da jirgin ruwa a bango, fenti ya fara ɓarewa. A tsakiyar ɗakin akwai akwatin gilashi cike da koren ruwa, babu kifi ko ɗaya a ciki. Babu wuta, janareta kuma an ce sai magariba ake tayarwa. Ma'aikaciyar da ta tarbe su ta miƙo takardar abinci mai shafi huɗu, duk abin da Datti ya nuna sai ta ce ya ƙare. Ƙaguwa ta ƙare. Kifin teku gasasshe ya ƙare. Abin da ya rage jatan lande ne da soyayyiyar shinkafa.

Aka yi jiran kusan awa. Goggo ta zauna a bakin kujera ta rungume jakarta, tana kallon jirgin da ke bango. Zinnira tana fifita da gefen mayafi. Datti yana ta ba su labarin teku don ya cike shirun, har ya maimaita wani sau biyu.

Da faranti uku suka iso, an tula yaji da albasa a kan jatan landen har ba a ganinsu sosai. Datti ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da hanci. Ƙarƙashin yajin akwai wani wari mai hawa kai, kan ya yi baƙi, naman ya saki. Mutumin da ya tashi a cikin kifi ba ya bukatar a gaya masa. Wannan abin ya narke ya daskare, ya narke ya daskare a firjin da wuta ke zuwa tana tafiya, kwana nawa Allah kaɗai ya sani.

Ya ajiye a hankali. Ya ɗaga kai zai yi magana, sai ya ga Goggo tana kallonsa, ya tuna cewa duk abin da ya faru a teburin nan a kunnen Alhaji zai kwana. In ya ce abincin ya lalace, ya kawo 'yar mutane tafiyar awa guda don ya ba ta ruɓaɓɓen abu. In ya kira mai gidan ya yi faɗa, a ce ga halin masuntan ya fito.

Sai ya duba farantansu. Babu wadda ta taɓa. Ya san budurwar irin gidan su Zinnira ba ta cin abinci a gaban saurayi, goggonta kuwa ko ruwa da ƙyar za ta sha a gaban wanda ke neman zama suruki. Kunyarsu ta fitar da shi. Ba za su ci ba, ba sai ya faɗa ba.

Mutumin da ke tsayawa cikin ruwa yana wa masunta hamsin faɗa a kan 'ya'yan kifi, shi ne ya ja bakinsa ya rufe a gaban mata biyu da faranti uku. Irin wannan shirun muke kira kara, muna yabon mai yinsa, mu manta da cewa wani ne zai ɗauki nauyinsa daga baya.

Haka suka zauna su uku babu mai ci. Zinnira ta ga ya shinshina ya ajiye, ta ɗauka kara yake mata, ba zai ci ita tana kallo ba, har abin ya burge ta. Goggo ta ɗauka ladabi ne, yana jiran babba ta fara. Shi kuma yana ta cewa bismillah, su ci mana, yana addu'a a zuci kada su ci. Goggo ta ce ai sun ƙoshi da ƙamshi ma, abinci ya yi kyau, Allah ya yi albarka.

Aka kira magariba, Datti ya fita ɗan masallacin da ke gefen gidan.

Yana fita Goggo ta yafito ma'aikaciyar, ta ce a juye mata duka a roba. A wurinta barin abincin da mutum ya saya maka a kan tebur wulaƙanci ne, kuma ba a zuwa birni a koma gida hannu biyu. Ta tura robar can ƙasan jaka ta ja zif, ta gargaɗi Zinnira kada ta faɗa, kada yaron ya ɗauka su makwaɗaita ne. Da Datti ya dawo ya ga tebur fes, sai ya ɗauka an kwashe an zubar, ya yi hamdala.

A hanya ya sauke gilashi saboda wani ɗan wari da yake ji a motar. Ya ɗauka a rigarsa ya kwaso shi.

Robar ta yi awa ɗaya da rabi a cikin jaka. A Madadi Goggo ta juye a kwano mai murfi ta kai wa yayanta, ta ce ga tsarabar yaron nan, abincin teku ne, shi da kansa ya zaɓa. Alhaji Mijinyawa ya ci.

Kafin gari ya waye an kai shi asibiti a Gwarzo. Kwana biyu ana masa ƙarin ruwa.

Datti bai san komai ba. Abin da ya sani shi ne Zinnira ta daina amsa saƙo. Ya yi ta juya abin a ransa, ya yanke cewa gidan abincin ne ya ba ta haushi. Ya rubuta: "Malamata, ki yi haƙuri da zafin wurin nan da jiran da aka sa ku. Hoton waya ne ya yaudare ni. Ki ba Goggo haƙuri."

Ta karanta a bakin gadon mahaifinta, ta rasa gane shi. Zafi? Jira? Mutum na kwance ana masa ƙarin ruwa, shi zafin ɗaki yake ba da haƙuri a kai? Ko bai ji ba ne, ko ya ji yana kewaye-kewaye? Ta ajiye wayar.

Washegari ya sake rubutowa: "In kujerar da suka ba Goggo ce, ni ma na ga tana rawa. Ki yi mini magana ko faɗa ne."

A lokacin magana ta riga ta zaga Madadi ta kai har Unguwar Tudu da ke makwabtaka, kuma ta sauya kama a hanya. Ana cewa ɗan masunta ya yi wa Alhaji barbaɗe a abinci don ya mallake bakinsa ya ba shi 'ya, sai maganin ya yi ƙarfi. Shaidar da ake kafawa ita ce shi yaron bai ci ko loma ba. Abdulrahman bai ƙirƙiri maganar ba, amma duk wanda ya shigo kantinsa da ita sai ya girgiza kai ya ce shi dai ba ya son zargi, sai dai mutanen ruwa akwai sirri. Da haka ya fi mai faɗa yaɗa ta.

Zinnira ba ta yarda da zancen barbaɗe ba. Malamar kimiyya ce, ta ji abin da likita ya faɗa. Abin da ya hana ta sukuni shi ne hoton da ke dawo mata: Datti ya kai jatan lande hanci, ya ajiye a hankali, ya dubi Goggo. Ranar ta fassara shi da ƙauna. Yanzu ba ta san da me za ta fassara shi ba.

Ranar da aka sallamo Alhaji ta rubuta masa layi ɗaya: "Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya amsa nan take: "Na san me, Zinnira?"

"Baffa ya ci abincinka. Yau aka sallamo shi daga asibiti."

Ya karanta sau uku. Wane abincinsa? Shi bai aika wa Alhaji komai ba. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, sai Goggo Altine ta ɗauka, ta ba shi labarin roba da jaka da kwano mai murfi, tana cewa ita ta jawo, ita da ta so ta fita kunyarsa. Datti ya zauna a kan kwale-kwalen da aka kife a bakin ruwa, ya rasa wa zai ba haƙuri, wa zai ji haushi.

Ya gaya wa yayansa Zailani komai. Zailani ya ce abu mai sauƙi ne. Za su je dubiya, ya ce bai sani ba. Ai yaji ya rufe warin, kuma ba shi ya dafa ba, ba shi ya ƙunso ba. Wa zai shiga zuciyarsa ya ga abin da ya sani? In ya ce ya sani, ya tabbatar wa masu zancen barbaɗe rabin maganarsu, kuma babu uban da zai ba da 'yarsa ga wanda ya ga cuta ya yi shiru. Datti ya ji maganar ta hau. Har suka kama hanyar Madadi ranar Asabar, abin da ya shirya faɗa ke nan.

Sun tarar da Alhaji a zaure, a kishingiɗe kan buzu, ya rame, idanu sun faɗa. Abdulrahman na gefe yana masa fifita. Ta bayan labulen ƙofar cikin gida ana ganin gefen zanen Goggo, kuma Datti ya san ba ita kaɗai ce a wurin ba.

Aka gaisa, aka tambayi jiki da iyali da shanu da damina, aka sake tambayar jiki. Zailani ya yi jaje mai tsawo, ya fara shimfiɗa zancen yaji da masu gidan abinci marasa tsoron Allah. Alhaji ya bar shi ya kai ƙarshe, sannan ya dubi Datti.

"An ce mini kai ne gwamnati ta sa kula da kifi a Kabo. An ce ka shinshina ka ajiye. Ni tambayata guda ce. Ka san ya lalace?"

Zailani ya taka masa ƙafa a hankali. Datti ya dubi labulen. Ya tuna cewa ita ma wannan tambayar ta yi masa, kuma ta ga hannunsa lokacin da ya ajiye. In ya yi ƙarya a nan, Alhaji zai iya yarda. Ita ba za ta yarda ba, kuma da ita zai zauna.

"Na sani, Baba. Tun da na ɗauka na sani. Na ji kunyar a ce na kawo su wurin banza, na ga ba za su ci a gabana ba, sai na yi shiru don in tsira da mutuncina. Ban san an ƙunso ba. Amma da na buɗe baki da ba a ƙunso ba. Laifina ne."

Abdulrahman ya tsayar da fifita, ya ce to ai ga shi nan, an ji da bakinsa. Alhaji ya ce masa ya je bayan gida ya duba ɗan maraƙin da ke tari. Ya tashi ya fita ba da son ransa ba.

Zailani ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Can Alhaji ya gyara kishingiɗa, ya yi wata gajeriyar dariya da ta ƙare da tari.

"Ni ma na ji warin."

Datti ya ɗago.

Alhaji ya ce tun da aka buɗe kwanon hancinsa ya gaya masa. Shekara sittin yana bambance nonon jiya da na yau, zai kasa gane abin da ya juya? Amma bai taɓa cin abincin teku ba, sai ya ce wa kansa wataƙila haka yake wari, kada ya nuna ƙauyanci. Kuma ga matan gida tsaye suna kallo. In ya ture kwanon, kafin safe an ce ya ƙi tsarabar yaron, ya ƙi yaron ke nan, alhali bai gama dubawa ba. Sai ya toshe numfashi ya cinye, har ya ce ya yi daɗi.

Daga bayan labule muryar Goggo ta fito ƙasa-ƙasa, ta ce ita ma fa a mota ta ji wani abu, ta ɗauka man motar ne. Alhaji ya ɗaga murya kaɗan ya tambayi Zinnira ko ita ma ta ji. Ta ce ta ji tun a tebur, amma ta ga Datti ya sha yabon abin wata shida, ta ji nauyin ta ce ƙwarinsa na wari.

"To ka ji," in ji Alhaji. "Mu huɗu, kowa da hancinsa, babu mai baki. Ni da na fi kowa shekaru ni na sha ƙarin ruwa."

Zailani ya rasa ko dariya zai yi ko salati. Datti kuwa kansa ya ɗaure gaba ɗaya. Ya zo ne a kore shi, ga shi ana raba laifin ana ba kowa kasonsa.

Alhaji bai sake shi haka nan ba. Ya ce shekara arba'in yana shiga kara, kasuwar shanu, ya ga dillalan da za su san saniya na da ciwo su rantse ba su sani ba, kuma ba ka da yadda za ka kama su. Yau ya ga wanda ƙarya ta fi masa sauƙi ya bar ta. Wannan ya shiga lissafinsa. Amma akwai saura.

"Gidan nan har yanzu a buɗe yake?"

"A buɗe yake, Baba."

"To uban wani na can zai ci. Ka gaya mini gaskiya, na ji. Su ka gaya musu?"

Ranar Litinin Datti ya ɗauki hutun yini ya koma Gaɓar Teku. Ya nemi manajan, ya sa aka buɗe firji a gabansa. Abin da ya gani ya fi abin da ya zata. Manajan bai ko ji kunya ba. Ya ce wata takwas suna aiki ba a taɓa kawo ƙorafi ba, kowa sai ya ce an gode ya tafi. Kuma gaskiya ya faɗa, abin takaicin ke nan. Mutum nawa suka biya kuɗinsu suka ture faranti suka yi murmushi? Mutum nawa suka kwana suna zarya banɗaki suka ce sanyi ne ko shawara? Datti ya ɗauki hotuna, ya rubuta takarda ya kai wa masu duba tsafta na yankin, ya yi ta bibiya har aka zo. An rufe wurin mako biyu. An sake buɗewa da sabon fenti da sabon firji. Ko za su ɗore, wannan sai masu ci sun riƙa magana.

Da yammar Litinin ɗin da ya kai ƙorafin ya aika wa Zinnira hoton takardar, ya rubuta: "Malamata, na kai gyaran da Baffa ya ba ni. Naki gyaran nake jira."

Sai bayan sallar isha'i ta amsa: "Na yi kwana huɗu ban san ko mugu nake so ko wawa ba. Ashe matsoraci ne na yini ɗaya, irina. Ka yi mini alkawari ba za ka sake jin kunyata a kan abin da zai cuce mu ba. Ni ma na yi maka."

"Na yi, Zinnira. Kuma jatan lande na gaske ba ya wari, wallahi."

"Wannan kuma sai ka kawo shaidu, Sarkin Ruwa."

Zancen barbaɗe bai mutu nan da nan ba. Da aka ji Alhaji ya amince, wasu suka ce ai ga shi maganin ya ci. Alhaji da kansa ya kashe maganar ranar Juma'a a ƙofar masallaci, ya ba da labarin yadda ya toshe numfashi ya cinye ruɓaɓɓen abu don kada a ce masa baƙauye. Dattawa suka yi dariya har da riƙe ciki, wasu kuma suka yi shiru, don kowa ya tuna nasa kwanon. Abdulrahman ya yi fushin wata guda, daga baya ya zo ya karɓi aikin raba katin gayyata.

Bayan an gama girbin dawa aka sa rana. Mutanen Kabo suka cika motoci uku, masunta da manyan riguna, har da waɗanda Datti ya ƙwace wa gidan sauro. Makiyayan dangin amarya suka zo daga rugage na nesa. Aka zauna tabarma ɗaya ana kallon juna, kafin azahar an fara musun wa ya fi wani wahala, mai bin saniya ko mai bin ruwa.

Da liman ya shafa fatiha, maroƙi ya sanar an ɗaura auren Datti da Zinnira, Datti ya ratsa jama'a ya durƙusa gaban surukinsa. Har a lokacin bai gama gane yadda abincin da ya kusa raba shi da ita ya kai shi nan ba.

Alhaji Mijinyawa ya kama hannunsa da hannu biyu, ya riƙe ya daɗe.

"Ban ba ka ita a duhu ba, Datti. Na san inda ka gaza, na san inda ka tsaya. Na ba ka ina sane, ka riƙe ta kana sane. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa ku riƙa gaya wa juna gaskiya tun tana ƙarama."

Jama'a suka amsa da amin. A cikin gida guɗa ta tashi, Goggo Altine ce ta fara.